Jiƙon Malam Mamman

Da safe Malam Mamman mai magani yana jera sassaƙe da saiwoyi a rumfarsa ta Makera, sai ga Saratu, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Matar abokinsa Bitrus ce, wanda ke aikin rini a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri.

"Malam, Baban Edith yana asibiti tun jiya," in ji ta. "Amai yake ta yi. Ya ce komai rawaya yake gani, har farin bango. Sun ce zuciyarsa tana bugawa tana tsallake."

"Zuciya kuma?"

"Ai tun bara yake shan ƙwayar zuciya, wata 'yar mitsitsiya, kullum da safe. Ya hana a faɗa wa kowa. Ka san yadda ake rage ma'aikata yanzu."

Malam Mamman ya zauna a kan buhu. Kwana goma sha biyu ke nan da Bitrus ya koka masa da kumburin ciki, shi kuwa ya haɗa masa jiƙon filasko da tsamiya, ya ce ya riƙa sha safe da yamma. Bai tambaye shi ko yana shan wani abu ba.

"Kin gaya wa likita zancen jiƙon?"

Saratu ta girgiza kai. "Sun tambaya, na ce babu. A gabana wata sista ta wanke wata mata tas saboda maganin gida. Tsoro na ji."

Malam Mamman ya miƙe. Ya yagi takardar siminti, ya ƙunshe ganyen filasko daban, tsamiya daban, ya zuba a jaka. Yakubu mai gyaran agogo, maƙwabcinsa, ya kama hannun rigarsa.

"Malam, ka yi tunani. In mutumin nan ya mutu, da ƙafarka ka kai kanka hannun 'yan sanda."

"In na zauna nan ma ai ni na haɗa. Duba mini rumfa."

Shi da Saratu suka shiga bas zuwa asibitin. A bakin ɗakin maza wata sista ta tare su, ta dubi jakar, ta ja tsaki.

"Baba, ku ne kuke cika mana gadaje. Fita da wannan tarkacen."

"Zan fita, 'yata, amma sai likita ya gani."

Ta ce likita ba ya da lokacinsa. Ya ce shi yana da lokaci. Ya nemi benci a baranda ya zauna, jakar a cinyarsa. Sau biyu maigadi ya zo korarsa, sau biyu ya tashi ya gaishe shi, ya koma ya zauna. Da azahar ya yi salla a gindin mangwaro ya dawo. Wajen ƙarfe uku likitan ya fito, wani saurayi dogo, gajiya ta bayyana a fuskarsa. Malam Mamman ya sha gabansa.

"Likita, mai gado na shida abokina ne. Ni na ba shi magani. Ga abin da ke ciki."

Ya kwance ƙunshin a kan benci. Likitan ya ɗauki ganyen, ya sansana.

"Me yake yi a jiki?"

"Wanke ciki yake. Yana sa zawo."

"Kwana nawa ya sha?"

Saratu, da ke rakuɓe a bayansu, ta amsa da ƙaramar murya: "Goma sha ɗaya. Kuma da ya ga cikin ya sauka sai ya ninka."

Likitan ya kira sistar da sauri, ya ce a tsayar da ƙwayar, a ɗebi jini, a canza ƙarin ruwan. Sannan ya juyo. Ya ce zawon ya kwashe wani gishiri daga jikin Bitrus, kuma in gishirin ya yi ƙasa, ƙwayar nan takan zama kamar guba. Tun jiya suke zargin haka, amma sun rasa dalili.

"Da an ɓoye, da an sallame shi ya koma ya ci gaba da sha," ya ce.

Kwana shida Bitrus ya yi kafin ya iya zama. Ran da Malam Mamman ya shiga gaishe shi, sai Bitrus ya sunkuyar da kai.

"Mamman, laifina ne."

"Namu ne. Kai ka ɓoye, ni ban tambaya ba. Gobe in likita ya zo zagaye ina nan. Ina so ya rubuta mini sunayen ƙwayoyin zuciyar nan, in san su."

"Kai da ba ka iya boko ba?"

"Ya faɗa da baki, in rubuta da ajami."

Bitrus ya fara dariya, tari ya sarƙe shi. Saratu ta miƙa masa ruwa, ta kuma jawo wa Malam kujera.