Batiran Dong Yaqin a Bakin Taga

Dong Yaqin da Qiu Baoshan malami ɗaya ya koyar da su, ɗakin gwaji ɗaya suke aiki a Harbin, birni mai tsananin sanyi a ƙasar Sin, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su. Dukansu batirin tutiya mai ruwa suke bincike a kai. Irin wannan batiri ba ya kama wuta, sai dai da sanyi ya tsananta ruwan cikinsa yakan daskare, tutiyar ta fitar da ƙayoyi su huda shi. Qiu gishiri yake zubawa a ruwan har ya yi kauri. Yaqin kuwa wani sinadari dangin sukari take ɗigawa kaɗan. Firizar gwaji ɗaya ce a ɗakin, kullum a kanta ake faɗa.

Da Yaqin ta dawo daga hutun sabuwar shekara, sai ta tarar batiran Qiu sun cika firizar, nata babu ko ɗaya.

"Yaya Qiu, ina kayana?"

Bai ɗago daga kan kwamfuta ba. "Ruwan shayin naki? Leƙa taga. Na ga sanyi kike nema, ga shi can kyauta."

Ta buɗe tagar. Suna jere a waje, dusar ƙanƙara ta rufe su, an cire musu waya. Gwajin da ta fara tun kaka ya katse ke nan.

"Kai dai mugu ne," ta ce. "Naka sun ci tsatsa, shi ya sa kake baƙin ciki."

"Ƙanwata, rufe taga, kina sa mana mura."

Ba ta rufe ba. Ta jawo wayoyin na'urar awo ta tagar, ta jona batiran a inda suke, yatsunta na ƙagewa. Iska ta watsar da takardun Qiu, yana ta zagi. Sanyin waje ya wuce duk wanda ta taɓa gwada su a ciki, so take kawai ta ga gawarsu, ta kai ƙara wajen shugaban sashe. Sai layin awo ya hau allon na'urar. Batiran na ɗaukar caji suna saukewa, ƙarfinsu ya ɗan ragu, amma ba wanda ya mutu.

Qiu ya taso ya tsaya a bayanta, ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce, "da ban fitar da su ba, da yaushe za ki sani? Sai a sa sunana a rahoton."

"Sunanka? Zan dai rubuta cewa wani ɓarawon wuri ne ya jefar da su."

"Rubuta mana! Ni ma in faɗi wanda ya kashe min firiza bara."

Ta mayar da ido kan allo, don ita ce ta kashe ta.

Shugaban sashe ya saurare su, ya ce ba shi da lokacin shirme, ya sa sunayen duka biyun, na Yaqin a gaba. Ta fito tana huci. Washegari ta sa aka ja mata waya zuwa saman bene, ta kwashe gwajinta ta koma can, ta bar wa Qiu firizar. A ɗakin cin abinci kuwa, in ya zauna kusa da ƙofa, ita sai ta ɗauki kwanon taliyarta ta nufi can ƙurya.