Wuƙar Man Shanu ta Mista Gathercole

Ranar Alhamis kwamitin makarantar coci ya zauna don korar yayata Hester daga aikin koyarwa. Laifinta, an sami littafi a aljihun teburinta, labarin wata matar aure mai saurayi a waje. Na bi ta zaman, don albashinta muke ci ni da mahaifiyarmu, ni kuwa na riga na gudu daga aiki na huɗu.

Mista Gathercole, shugaban kwamiti, shi ya ƙwace littafin tun Litinin. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Ni ko buɗe wannan ƙazanta ban yi ba," in ji shi. "Amma macen da ta karanta shi har ƙarshe, ta yaya za mu ba ta 'ya'yanmu?"

"Ranka ya daɗe, a shafi na arba'in na tsaya," in ji Hester.

"Ƙarya kuma, Malama? Ga shi a yanke har bango!"

Sabon littafi ai shafukansa a haɗe suke zuwa, sai an sa wuƙa an raba kafin a karanta. Na taɓa yin wata uku a wurin mai ɗinkin littattafai, don haka na miƙa hannu.

"Kai kuma wa ya sa da kai, ɗan zaman banza?" in ji Mista Gathercole.

Fada Ottley, limamin cocin, wanda barci ya fara ɗauka, ya ce a ba ni.

Shafi arba'in na farko an yanke su sumul, aikin wuƙar Hester ta hauren giwa. Daga nan kuwa sai yagar gaggawa, gefen takarda duk maiƙo. Inda matar ta shigo da saurayin nata, wani kyaftin, ta ƙofar lambu har an naɗe kusurwa. Na zagaya teburin ina nuna wa kowa.

Misis Gathercole, wadda ta zo raba shayi, ta karɓi littafin ta shinshina.

"Man shanu," ta ce, ta juya wajen mijinta. "Obadiya, ashe nan wuƙata ta shiga? Kwana uku ina zagin mai girki."

"Uwargida, bincike na yi, saboda yara."

"Yanzu ka ce ba ka buɗe ba."

"Na ɗan leƙa ne."

"Shafi ɗari uku? To 'yar aikin nan Tabita da muka sallama bara da ciki, ita ma binciken ne?"

Fada Ottley ya farka sarai. Ya yi tari, ya ce a ganinsa Malama Hester ta koma aji gobe, kuma kada a rubuta komai a littafin zama.

Muna fita Misis Gathercole ta cim mana a bakin ƙofa, littafin a ƙarƙashin mayafinta.

"Malama, kashi na biyu yana wajenki?" ta tambaya. "Ina so in ga yadda matar ta yi da mijin."