Ta Hannun Dama Indo Ta Buɗe

Shagon Kawu Maliki yana cikin kasuwar Suki ta ƙasar Sudan, a layin masu sayar da iri da maganin ƙwari. Bayan buhunan riɗi da dawa ya kafa wani ɗan kanta da kansa, ya jera littattafan kasuwanci na Larabci da yake sayowa in ya je Madani. Ba na sayarwa ba ne. Karantawa yake yi, sannan ya ba abokansa aro, su dawo su faɗa masa yadda suka gani.

Ranar da Rayan, 'yar ƙanwarsa, ta zo da nata littafin a cikin jaka, ta tarar Salih, maƙwabcin gonarsu, ya dawo da wanda ya ara.

"Yaya ka gan shi?" in ji Kawu.

"Mai kyau ƙwarai. Takardarsa sumul."

"Abin da ke ciki nake tambayarka, ya zol," in ji Kawu. Haka ake kiran mutum da Larabcin nan.

"Na ciki? Mutumin ya ce in tashi da asuba in tsara ranata. Ni da ruwan tur'a, magudanar ban-ruwan nan, ke tsara mini rana! Ran da anka sako shi, ko loma na kai baki sai in aje in ruga gona. In dai ya san mai buɗe ruwan, ya haɗa mu."

Kawu ya juya bayan littafin, ya buga yatsa a kan rubutun da ke wurin. "Dubi nan. Manyan mutane sun ce littafin nan ya canza musu rayuwa."

"Su ma ba su da gona," in ji Salih. Ya zaɓi wani a kan kantar duk da haka, ya saƙala a hammata ya fita.

Sai a lokacin Rayan ta matso. Tun da ta gama jami'a a Madani ta dawo ƙauye, aikin da take yi ke nan in ta taso daga koyarwa: littafin yara mai hotuna, zanen hannunta, da layi guda na rubutu a ƙarƙashin kowane hoto. Labarin kakarta Indo ne, mahaifiyar Kawu, wadda ta taso daga ƙasar Gobir tana yarinya tare da iyayenta da niyyar hajji, tafiyar ta tsaya da su a bakin Nilu. Rayan ta yi rubutun da Hausar boko, wadda ta koya a waya, don yaran can yamma su ma su iya karantawa. Ta ɗinke shafukan da zare, ta sa farin kwali gaba da baya, domin ba ta zana bango ba tukuna. Kawu ya yi alkawari zai kai shi wurin masu buga littafi in zai tafi Madani ranar Asabar.

Ta riƙe littafin a hannunta tana buɗe masa shafi bayan shafi. Yana kallo yana gyaɗa kai.

"Tamam. Amma duk littattafaina bakinsu ɗaya a kan abu guda: ba a fitar da kaya sai an ji bakin mai saye. Ki tara ra'ayoyin masu karatu, mu buga su a bayan bango kamar na waɗannan. Kwalin bayan nan ki bar mini shi fari."

Ta buɗe shafi na gaba. Bishiyar aduwa ce a gefen busasshen rafi, ƙarƙashinta tudun ƙasa da aka jera wa duwatsu, mutum da yarinya suna tsaye. Kawu ya daina gyaɗa kai.

"Inna ta ga wannan?"

"A'a, Kawu."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "To, ra'ayin farko nata ne. In ta ce a'a, ba ni kai shi ko'ina."

Abin da Rayan take tsoro ke nan tun ranar da ta fara zanen. Indo tana son ba da labarin hanya. Takan faɗi yadda suka yi noman ƙodago a Barno, da jakin da ya ƙi shiga jirgin ruwa, da garin da ta fara ganin raƙumi. Amma Rayan ta lura tun tana ƙarama cewa har zuwa Fashir mutum uku ne a labarin, daga nan sai Indo ta kurɓi gahawa ta ce, "Sai munka iso Kosti, ni da Baba." Ba wanda ke tambaya. Mahaifiyar Rayan ce ta taɓa gaya mata a madafa, murya ƙasa-ƙasa, cewa zazzaɓi ne ya ɗauke mahaifiyar Indo a hanya, kuma ƙarƙashin wata aduwa aka binne ta. Daga wannan 'yar magana Rayan ta zana shafuka uku. Fuskar matar kuwa, da yake babu hoto, daga fuskar Indo ta ciro ta, ta cire mata shekaru.

Washegari da hantsi ta tarar da Indo a rumfar tsakar gida, zaune a kan gadon igiya, ita da ƙawarta Ma'u. Gahawa na tafasa a kan garwashi, ƙamshin citta ya cika wurin. Kawu ya biyo baya da biro a aljihu.

"Habboba, na zo da wani abu ki gani," in ji Rayan. Haka jikoki ke kiran kaka a nan.

"Ke da ba ki magana sai an matse ki kamar lemo? Mi kika kawo?"

Rayan ta durƙusa a gefen gadon. Ta shirya tun jiya yadda za ta yi. Za ta riƙe littafin da kanta, ta fara daga ƙofar gidan Gobir, ta bi a hankali, in an kusa aduwa ta tsaya ta nemi izini. Amma tana fito da shi Indo ta miƙo hannu.

"Ba ni nan. Hannuna bai mutu ba."

Ta goge tafinta a mayafi, ta ɗora littafin a cinya. A duk rayuwarta littafi ɗaya take buɗewa, Alƙur'aninta mai jan bango, kuma yadda take buɗe shi haka ta buɗe wannan. Ta yi bisimilla ta ɗaga kwalin ta hannun dama.

Rayan ta buɗe baki za ta ce ta ɗaya gefen ake farawa. Kafin muryar ta fito Ma'u ta tafa hannu.

"La! Indo, ke ce! Ga rumfar nan, ga gadon. Har ƙafarsa da ta karye anka ɗaure."

Shafin ƙarshe ne: tsohuwa a kan gado, jikoki kewaye da ita. Indo ta kawo shi kusa da ido ta ƙura masa.

"Ta ƙara mini hanci," ta ce, ta juya.

Sai ga mace a gonar auduga, goye da jariri, buhu a gefenta.

"Wanga Maliki ne. Kullum cikin kuka, kamar an aiko shi."

"Inna, ai littafin kin…" Kawu ya fara.

"Yi mana shiru, muna karatu," in ji Ma'u.

Indo ta sake juyawa. Budurwa tana miƙa wa mahaifinta ciyawa yana rufin bukka. Ta juya. Yarinya da mahaifinta a bakin babban kogi. Kowane shafi tsohuwar raguwa take yi. Furfura ta tafi, baya ya miƙe, ga ta nan ta koma 'yar yarinya mai siraran ƙafafu. Ma'u ta leƙo ta ce, "Amma mutanen nan da baya suke tafiya. Mu muna yin nan, su suna kallon can."

"Gabas suke kallo," in ji Indo. "Ina kike so su kalla?"

Rayan ta san shafin da ke biye. Ta dubi Kawu, shi kuma ƙasa yake kallo.

Indo ta juya, aduwar ta bayyana.

Gahawa ta taso ta zubo a kan garwashi, ta yi cuu, ba wanda ya kai hannu. Indo ta ɗora yatsa a kan tudun ƙasar, ta bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Leɓenta na motsi. Rayan ta jira a rufe littafin a miƙo mata. Ta riga ta ga kanta tana mayar da shi ƙasan akwati.

Indo ba ta rufe ba. Ta lashi yatsa ta juya shafin.

Matar tana kwance a inuwar aduwar nan, idonta biyu, yarinya na ba ta ruwa a ƙoƙo.

"La'ilaha illallahu," in ji Ma'u a hankali.

Indo ta sake juyawa. Matar ta tashi zaune, ta jingina da kayansu, tana ɗaura ɗankwali. Ta juya. Matar tana tsaye a kan ƙafafunta, ƙwarya a ka, hannunta riƙe da hannun yarinyar, suna tafe cikin rairayi.

"Ta tashi," in ji Indo. Muryar ba irin wadda Rayan ta sani ba ce, siririya ce kamar ta yarinya. "Ma'u, dubi. Ta tashi."

Rayan ta ƙura wa littafin ido. Ita ta zana kowane layi a shafukan nan, ta san inda ta goge ta sake, ta san inda launi ya zarce. Amma ba ta taɓa ganin wannan littafin ba. A nata, mace tana tafiya, ta zauna, ta kwanta, a rufe ta da ƙasa. A wanda ke cinyar Indo, ƙasa ce ta buɗe, mace ta farka ta sha ruwa, ta miƙe ta kama hannun 'yarta. Kawu ya zauna a kan turmi ba tare da ya duba abin da ya zauna a kai ba.

Indo ta ci gaba, yanzu da sauri, kamar mai gudun kada a ƙwace. Su uku suka haye tafki da jakinsu, suka wuce gonakin Barno. A shafi na ƙarshe da ta buɗe, wanda shi ne na farko, ga ƙofar gida ta ƙasa, ga rumbu, matar tana zaune a kan tabarma tana yi wa yarinyar kitso. Indo ta daɗe a nan. Hawaye ya bi ta cikin tamojin fuskarta ya sauka a haɓa, ta kawar da littafin gefe don kada ya ɗiga a kai.

Rayan ta ga ba daidai ba ne ta yi shiru.

"Habboba," ta ce, "rubutun boko ne. Daga nan inda kika ƙare ake farawa."

Indo ta dube ta, ta dubi littafin. Ta juya shafi biyu ta hagu, ta ga inda hanyar ta nufa, ta tsaya.

"Wagga hanya na san ta. Da ƙafata na biyo ta." Ta rufe. "Yara su bi ta nan, su san yadda munka zo. Ni ta can zan riƙa shiga."

"Ke nan kin yarda a buga, Inna?" in ji Kawu.

"A buga. Amma ban da abu guda." Ta shafa farin kwalin baya. "Nan ƙofata ce. Kada a tare mini ita."

"Ai nan ne za mu sa ra'ayoyin masu karatu. Duk littafin kirki haka ake yi masa."

"Ka sa su a bayan naka."

Ma'u ta fashe da dariya tana share ido da bakin mayafi. Kawu ya ciro biron daga aljihu, ya dube shi, ya mayar. "Bango biyu ke nan," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Mai bugawa zai ce mun haukace." Ya dubi Rayan. "Zan kai shi Asabar."

Indo ba ta saurare shi ba. Ta sake buɗe shafin kitso, ta jawo Rayan ta wuyan hannu har kafaɗarsu ta haɗu.

"Fuskar kin samo ta, ban san inda kika gan ta ba. Amma kin manta tsaga. Inna Bagobira ce. Kina da abin zanen nan?"

Rayan ta lalubo fensir a jaka. Indo ta ɗaga yatsanta mai sanyi ta ɗora a gefen bakin jikarta, ta ja shi a hankali bisa kumatu har zuwa kunne.

"Daga nan zuwa nan. Ki yi a hankali, siriri ne. Yi wannan tukuna, in nuna miki na biyun."