Wata Biyar Ba Shida Ba

To Yaya Salmah, an gama, Dalila ce za ta tafi gasar a Johor Bahru, ɗazun nan shugaban makaranta ya kira ni da kansa. 'Yata fa, ni Rosnah da na tsaya a aji biyu na sakandare.

Kin dai san Malama Faridah ta raba 'yan ajinsu rukuni-rukuni, kowanne ta ba su wata babbar shari'a da aka taɓa yankewa a ƙasar nan, su nuna ta yadda suke so ranar taron iyaye. Wanda ya fi iya magana shi zai wakilci makaranta a gasar jiha. Wasu zane suka yi a kwali, wasu 'yar tsana a bayan farin ƙyalle. Su Dalila wasan kotu. Tasu ita ce shari'ar yaron nan da aka haifa auren iyayensa bai cika wata shida ba, aka rubuta masa bin Abdullah, wato ɗan Abdullah, sunan da ake sa wa irinsu a madadin na uba, iyayen suka yi ta ƙara har babbar kotu don a sa sunan uban, alƙalai suka ce ba a sawa.

Marsya aka ba matsayin lauyar yaron. Marsyar Zaiton dai, mai zuwa ta ɗaya kullum. Uwarta ce ta taɓa ce min a gaban mutane, "Rosnah, ke dai kawo mana shinkafar kwakwa, maganar karatu ki bar wa masu shi." Dalila kuma lauyar gwamnati, layi uku kacal.

Da safen ranar ina goge mata hijabi tana ta ƙunƙuni, wai an riga an ba Marsya wakilcin makaranta tun kafin a fara. Na ce, "Ke, zo nan. Uban Marsya wa sunansa?"

"Hamdan mana, mai motar kifi."

"A bayan littafinta binti wa, 'yar wa aka rubuta?"

"Abdullah. Ai ta ce sunan babanta ne na biyu."

"Haka aka gaya mata. Ni na raba abinci a bikin uwarta, watan Janairu. Watan Yuni na je barka. Ke da kike cin lissafi, ƙirga."

Ban ce ta yi komai ba fa, Yaya. Lissafi kawai na koya mata.

Zauren taro ya cika. Alƙali wata 'yar ajinsu ce, an lulluɓa mata baƙin labule, tana buga tebur da taɓaryar dakan barkono. Marsya ta tashi, gaskiya yarinyar ta iya. "Mai shari'a, me jariri ya yi da za a hukunta shi da suna?" Mata har da share hawaye. Zaiton a layin gaba ta ɗaga waya tana ɗauka, mijinta a gefe sai washe baki yake.

Sai tawa ta miƙe. Ba ta ko kalli takardarta ba.

"Mai shari'a, ina da tambaya ga lauyar can. Malama lauya, wa ya haife ki?"

Marsya ta yi dariya, ta ɗauka cikin wasan ne. "Ga shi can, Hamdan."

"To ɗaga littafinki ki karanta mana sunanki gaba ɗaya."

Ta karanta, wallahi da bakinta. Marsya binti Abdullah.

Dalila ta ɗaga hannu sama. "An yi biki a Janairu. Fabrairu, Maris, Afrilu..." Yara suka kama mata, zaure duka ana ƙirgawa tare. Da aka zo Yuni ta buɗe yatsu biyar ta juya su kowa ya gani. "Ina na shidan? Mai shari'a, wannan ba lauya ba ce, ita ce yaron."

Malama Faridah ta taso da gudu tana cewa ya isa, amma ina. Marsya ta tsaya rungume da littafi tana kallon uwarta, sai cewa take, "Mama? Mama?" Wayar Zaiton na sama har lokacin, ta manta ta sauke. Hamdan ya sunkuyar da kai ya fice, takalminsa ɗaya ma a bakin ƙofa ya bar shi.

Bayan an tashi malamar ta ja mu gefe, idonta jajir. "Maman Dalila, abin da 'yarki ta yi ba shari'a ba ce, yanka ne."

Na ce, "Malama, ke kika ce su zo da hujja. Ƙarya ta yi?"

Ta ce ita ba za ta sa hannu a tura Dalila gasar ba. To kwana takwas ke nan Marsya ba ta leƙo makaranta ba, an ce an kai ta wurin kakarta a Muar, wai ko abinci ba ta ci. Gasa kuma ranar Asabar ce, dole wani ya je. Shi ne shugaban ya kira ni. Har na kai ɗinkin sabuwar riga, shuɗiya.

Maman Hazwani, wata 'yar ajinsu, ta ɗauki bidiyon tun daga farko, ga shi nan na haɗo miki. Ki tura wa su Inna da mutanen gida, da ƙungiyarku ta masallaci. Ki ce su kalla har wajen yatsun, kar su yanke.