Hancin Inna Hansai

Tun ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjin Inna Hansai ya duba, ya girgiza kai, hankalin ɗanta Armaya'u bai sake kwanciya ba. Magana ɗaya likitan ya yi masa: "Hayaƙi ne. In kana son lafiyar mahaifiyarka, raba ta da murhun icce."

Armaya'u malamin firamare ne a Safana, can yake zaune da matarsa Mahfuza. Inna kuwa tana Batsari, a wani ɗan gida bayan kasuwa, tun shekarar da 'yan bindiga suka tashe su daga Ruma. Ya yi, ya yi ta koma wurinsa, ta ƙi. A Batsari tana ganin mutanen garinsu ranar kasuwa, tana jin wa ya koma gona, wa aka ɗauke, wa aka sako. Girkinta kuma da hannunta take yi, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya.

An gwada gawayi, tarin bai ragu ba. Saura abu biyu: gas ko rishon lantarki. Mahfuza ta ce gas, domin da shi take girki shekara uku ba abin da ya same ta. Sagiru, abokin aikinsa, ya ce shi ko kyauta aka ba shi tukunyar gas ba zai kwana gida ɗaya da ita ba, ya ga abin da ta yi wa wani gida a Katsina. Sati biyu Armaya'u yana juya maganar, yau ya tsaya kan wannan, gobe ya koma wancan.

Ranar Asabar ya hau mashin ɗinsa da niyyar gas. Ya fara tsayawa shagon Mamman, mai sayar da kayan girki a bakin kasuwar Batsari.

"Malam, gas ba abin tsoro ba ne," in ji Mamman. "Hanci ne mai gadinsa. Da Inna ta ji wari, ta rufe, kada ta ƙyasta ashana. Shi ke nan."

Armaya'u ya ce bari ya gaida Inna ya dawo.

Tun daga zaure ƙauri ya dake shi. Ya shiga da sauri. Inna na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ba murhu baya, tukunyar dafa-duka na ƙonewa taku biyu daga inda take.

"Inna, abinci ya kama!"

Ta waiwaya. "Yaushe?"

Ya sauke tukunyar, ya buɗe murfin a gabanta. Ƙaurin ya sa shi kau da kai, ita ko fuska ba ta yamutsa ba. Ya ɗauko daddawa daga kwano ya miƙa mata kusa da hanci.

"Me kika ji?"

Shi ne ɗan farinta, ba ta kiran sunansa. "Kai dai ka cika bincike," ta ce. "Tun zazzaɓin da na yi da damina hancin ya mutu. Ban ji komi. Kada ka je ka gaya ma matarka."

Da ya koma shagon, ko kallon tukwanen gas bai yi ba. Ya sayi rishon lantarki mai kai ɗaya, ya kira mai gyaran wuta ya ja waya zuwa rumfar girki. Allah ya taimaka akwai wuta ranar. Inna ta dafa ruwa a kai, ta yi ta leƙa ƙarƙashin tukunya tana mamakin zafi ba harshen wuta. Armaya'u ya koma Safana zuciyarsa wasai.

Kwana huɗu aka yi ana kawo wuta da hantsi a ɗauke kafin la'asar. A na biyar tiransifomar unguwar ta lalace. Duk lokacin da ya kira, Inna sai ta ce lafiya lau, ta ci, ta ƙoshi. Sai ranar Laraba ta sama, yana cikin aji, Asta maƙwabciyarta ta kira shi.

"Malam, ka yi haƙuri, ta ce kada in faɗa. Kwana bakwai ba wuta. Da karan dawa take girki, yau tun safe tari take yi, har zama ya gagare ta."

Bai san yadda ya rufe littafin ba. Hanyar da kullum yake bi yana waige-waige saboda tsoron mutanen daji, ranar bai kalli gefe ba ko sau ɗaya. Ya tarar da Inna jingine da bango, idanunta sun yi ja. Rishon na can gefe an lulluɓe shi da tsumma don ƙura.

"Inna, me likita ya ce?"

"Likita ya ce in zauna da yunwa?" Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Abinka yana da kyau. Amma ba ya dafa komi sai an ga dama an kawo wuta."

Ya zauna bakin tabarma ya riƙe kai. Hayaƙi na cin ƙirjinta a hankali, gas kuma in ya zuba ba za ta sani ba sai ta ƙyasta ashana.

Asta, wadda ke tsaye riƙe da kofin ruwan ɗumi, ta ce, "Malam, in don hanci ne, ai ga nawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Safe da yamma zan shigo in shinshina."

Washegari Mamman da kansa ya kawo ƙaramar tukunyar gas. Ya ajiye ta a rumfa inda iska ke ratsawa, ya ce ko da wasa kada a shigar da ita ɗaki. Ya kaɗa sabulu a kwano, ya shafa kumfar a wuyan tukunyar.

"Inna, kin gani? In kumfar ta kwanta, lafiya. In tana hurowa tana fashewa, kada ki kunna, ki kira Asta."

Inna ta sunkuya ta ƙura wa kumfar ido. Sau biyar Armaya'u ya sa ta buɗe ta rufe. A ƙyastawar farko wutar ta tashi da ƙara, ta ja da baya tana salati, ashanar ta faɗi. A ta uku ta kunna ba ta ja da baya ba.

Ranar Litinin yana rubutu a allo wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga lambar Asta, alli ya suɓuce masa. Ya fita baranda.

"Asta, lafiya?"

Muryar Inna ya ji. "Ni ce. Wannan abu naka ya cika gaggawa. Na ɗora wake, kafin in gama shara ya dahu. Yanzu mi zan yi har azahar?"

Ya jingina da ginshiƙi.

"Kin rufe, Inna?"

"Na rufe."

"Har ƙarshe kika murɗa?"

"Kai, na ce na rufe."

"Ba Asta wayar," ya ce. "Don Allah ta je ta duba."