Kujerun Aro

Duk wanda ya san Kafinta ya san halinsa: ko rufin ɗakinsa ne ya rufto, ka tambaye shi ya gida, zai ce maka lafiya lau. A ganinsa ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne, kuma ya riƙe rufin asirin nan kamar wata sana'a ta biyu. Sana'arsa ta fari haɗa kujerun kushin ce da sabunta tsofaffi, a sake musu soso da yadi. Da can gudumarsa ba ta hutawa. Sai kujerun kamfani suka cika kasuwa, masu ƙyalli da araha, waɗanda kafin a ankara sun lotsa, amma wa ya damu? Mutane suka koma can, shagon Kafinta ya zama wurin hirar tsofaffi.

Ana cikin haka babbar 'yarsa ta samu gurbi a jami'a. Tun tana ƙarama ake ce mata Injiniya, don babu rediyon da ya shigo gidan bai sha kwancewa a hannunta ba, ga shi kuwa injiniyancin aka ba ta. An yi murna yini guda, da aka ga kuɗin rajista da na ɗakin kwana murna ta koma ciki. Hanya ɗaya ta rage, tallafin da gwamnati ke ba ɗaliban da samun gidansu bai kai wani mizani ba. In an ba ta, ta tafi. In ba a ba ta ba, gurbin ya koma hannun wani, ita kuma ta ci gaba da tsayuwa a shagon fotokwafin da take ɗan taɓa aiki. Ta cike komai ta waya, aka ce mataki na ƙarshe shi ne wata ma'aikaciya za ta zo daga ofishin tallafin ta ga gidan da idonta, ta kuma ji daga bakin mai gida.

A duk bayanin nan, abin da ya zauna a kan Kafinta shi ne baƙuwa za ta zo, kuma daga gwamnati.

Ranar da za ta zo, bayan Injiniya ta fita aiki, ya tsaya a tsakiyar falonsu yana dubawa kamar yau ya fara ganinsa. Benci ɗaya, kujerun roba biyu, ɗaya ma an ɗaure ƙafarta da waya, sai tebur da ya yi tun yana saurayi. Gidan mai haɗa kujeru ke nan. Kunya ta kama shi tun kafin baƙuwar ta baro ofis.

A shago kuwa akwai saitin kujeru ruwan zuma da ya gama wa wani mai otal, ba a zo ɗauka ba tukuna, aikin kirki ɗaya tilo da ya shigo masa tun da daɗewa. Ya kira mai kura, aka kwaso su.

Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu da zani. "Malam, wannan kuma fa? Ba cewa aka yi talaucinmu za a zo gani ba?"

"Sai a zaunar da matar mutane a kan benci? Yadda muke daban, yadda ake karɓar baƙo daban."

Ta yi kamar za ta ja maganar, sai ta dubi kujerun, ta dubi tagar da ke bayansu da tsohon zanin gadon da ke tare ta, ta ga abin bai dace ba. Ita ma dai ba ta tsira daga ciwon ba. Ta zura takalmi ta shiga maƙwabta, ta dawo da labule mai nauyi, a bayanta mijin maƙwabciyar na rungume da talabijin ƙatuwa, shi ma ya zo da tasa gudummawar. Aka tura benci da kujerun roba bayan gida. Kafin azahar falon ya koma kamar na wani darakta, sai dai in za ka shiga ɗakin yara sai ka bi ta gefe, don doguwar kujerar ta tare rabin ƙofa.

Injiniya ta dawo da wuri don ta tarbi baƙuwar. Ta ɗaga labulen ƙofa, ta tsaya cak.

"Baba, me ke nan?"

"Gyara aka ɗan yi."

"Baba, don su tabbatar ba mu da shi za su zo fa. Ku taimaka a fitar da kayan nan yanzu."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama a ƙofar gida.

Ma'aikaciyar mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau da jaka a kafaɗa, takalminta ya sha ƙurar unguwanni. Ta zauna a bakin kujera, ta karɓi ruwa ta yi godiya. Ta tambayi mutum nawa ne a gidan, yara nawa ke makaranta, gidan nasu ne ko haya. Duk Kafinta ya amsa daidai. Ta nemi izini ta leƙa kicin da ɗakuna, ta bi ta gefen doguwar kujerar, ta dawo ta zauna.

"Baba, ya kasuwa?"

A nan ne bakinsa ya riga hankalinsa. "Alhamdulillahi, ranki ya daɗe, aiki har ya yi mana yawa. Wani lokaci sai mun mayar da wasu."

"To a wata, kamar nawa ke shigowa?"

Ya ji idon 'yarsa a kansa, ya ji na matarsa, ya ga kuma mijin maƙwabciya bai tafi ba, yana tsaye a tsakar gida wai yana duba famfo. A gaban duk waɗannan zai buɗe cikinsa? Ya laluba can baya, ya ɗauko adadin wani wata mai albarka na zamanin da kasuwa ke kasuwa, ya faɗa da ƙarfinsa. Injiniya ta runtse ido.

Ma'aikaciyar ta dube shi ta saman tabarau. "Ka tabbata, Baba?"

"Na tabbata."

Ta ɗan taɓa wayarta, ta mayar jaka, ta yi sallama. Ya raka ta har titi, yana ta Allah ya huta gajiya, yana jin ya fita kunyar baƙuwa.

Da ya dawo ya tarar da matarsa zaune a ƙasa, ga kujeru har saiti guda amma a ƙasa ta zauna. "Malam, abin da ka faɗa ya haura mizanin nasu. Yarinyar nan ta gaya mana tun farko, mu ne ba mu saurara ba. Da hannunmu muka rufe mata ƙofa."

Ya so Injiniya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta buga ƙofa, ko ya samu abin da zai riƙe ya ce yaran zamani ba su da ladabi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tattara kofuna ta nufi kicin, a bakin ƙofa ta juyo.

"Ba komai, Baba. Akwai baɗi."

Shi kuwa ya san babu wani baɗi. Ya ga 'ya'yan abokansa da aka ce wa baɗi, ga su can har yau a bakin kanti. Maganar nan tata ta fi masa zagi ciwo, ranar ko abincin kirki bai iya ci ba.

Da safe ya kira mai kura aka mayar da kujeru shago, matarsa ta kai labule, talabijin ta koma gidan masu ita. Ya sa rigarsa ta fita, ba ta aro ba, ya ce wa Injiniya ta zo ta raka shi ofishin, tunda ita ta san hanya kuma lambar takardunta na wayarta.

Ofishin dogon baranda ne da benci a jikin bango da fanka mai kuka. Iyaye da 'ya'ya sun cika shi, kowa ya yi kalar tausayi gwargwadon iyawarsa. Kusa da Kafinta wani mutum ne cikin koɗaɗɗiyar riga, sai dai duk motsin da ya yi makullin mota na ƙara a aljihunsa. Kafinta ya dube shi ya kawar da kai. Wato wasu ɓoye abin da suke da shi suke yi, shi kuma gwanin, ya je ya aro abin da ba shi da shi.

Da layi ya zo kansu, ma'aikaciyar ta ɗago ta gane su nan take. Ta nuna musu kujera. Kafinta bai zauna ba, ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da bai taɓa yi a gaban kowa ba.

"Ranki ya daɗe, jiya na yi miki ƙarya. Kujerun nan na wani mai otal ne. Labule da talabijin na maƙwabta ne. Abin da na ce ina samu ma ba haka ba ne. In akwai hukunci ni za a yi wa, yarinyar nan ba ruwanta."

"Zauna, Baba," in ji ta. "Na sani."

Ya zauna kamar an tura shi.

"Talabijin ɗin ko wayarta ba a jona ba. Labulen ya fi tagar tsawo, yana jan ƙasa. Kuma ba wanda ke zama a gida kullum yana bi ta gefe kafin ya shiga ɗakin 'ya'yansa." Ta ɗan yi murmushi. "Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Masu ɓoye firji a maƙwabta ba sa ba ni wahala, na san yadda nake yi da su. Irinku masu aro ne ke hana ni sukuni. Ni ba kujera nake aunawa ba, amma abin da mai gida ya faɗa da bakinsa shi doka ta ce in rubuta, ba ni da ikon rage masa. Shi ya sa ban tura naku ba, na ce bari in jira zuwa ƙarshen mako. Wasu sukan dawo. Wasu kuwa kunya ba ta barin su, 'ya'yansu su zauna a gida."

Kafinta ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har kafaɗunsa suka saki. Ashe ƙofar ba ta rufe ba. Ya fara jero godiya, ta ɗaga hannu.

"Da saura, Baba. Sai ka sake faɗa mini, na gaskiyar. A wata nawa ke shigowa?"

Ya dubi Injiniya. "Ko za ki ɗan jira ni a waje?"

"Ita ce mai nema," in ji ma'aikaciyar. "Dole a gabanta."

Wannan ce ta fi komai nauyi. Gaya wa baƙuwa da sauƙi, gobe ba za ta tuna fuskarsa ba. Amma wannan yarinyar ita ce tun tana goye yake nuna mata ubanta ba ya gazawa. Ya kafa ido a kan hular da ke hannunsa, ya faɗi adadin, muryarsa can ƙasa. Ya ƙara da cewa wani watan ma ba ya kaiwa, wani watan kuma ba komai sam. Da ya gama ya jira ya ji wani abu ya faɗo masa a ka. Ba abin da ya faɗo. Fanka ta ci gaba da kukanta, ma'aikaciyar ta ci gaba da latsa na'urarta.

"Ko an haɗa da ɗan abin da mamanta ke samu, kuna ƙasa da mizanin sosai," ta ce. "Ta cancanta. Ka kawo mini shaida daga ƙungiyarku ta kafintoci kafin mako ya fita, sauran namu ne. Kuɗin makaranta kai tsaye za a biya can, na abinci da littattafai kuma ya shiga asusunta." Ta juya ga Injiniya. "Ki fara haɗa kayanki."

Injiniya ta rufe fuska da mayafi, sai yanzu kukan ya zo. Kafinta kuwa dariya ce ta kuɓuce masa, irin ta wanda mota ta wuce ta gabansa da kaɗan. Daɗi ya ji, daɗi sosai, har ya manta hularsa a kan tebur sai da aka biyo shi da ita.

Suka fito titi, rana ta ɗaga. Ya ce su taka zuwa tasha ta gaba, yana so ya miƙe ƙafa. Suna cikin tafiya yana satar kallonta, yana neman ko wani abu ya canza a yadda take dubansa. Bai ga komai ba, abin har ya dame shi.

"Ke ba ki yi mamakin abin da na faɗa ba?"

"A'a, Baba."

"Kin sani ke nan?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka fara dawowa kana cewa ka ci a shago, a ba yara naka. Na taɓa biyowa ta shagon da rana, Baba. Ruwa na tarar kana sha."

Ya tsaya a gefen titi, motoci na wucewa. Ashe duk tsawon lokacin nan da yake ta fama yana rufa musu asiri, su ma nasa suke rufawa, suna karɓar kwanon abincinsa su yi godiya don kada ya ji kunya. Ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ji kuma wani nauyi da ya manta yana ɗauke da shi ya sauka.

"Mamanki ma?"

"Ita ta ce kada wanda ya nuna maka."

Ya gyaɗa kai, ya goge fuska da hannun riga. Can gaba kaɗan wata mata na sayar da abinci a ƙarƙashin rumfa, ƙamshin na isowa har inda suke.

"To," ya ce, "yau dai ban ci komai ba. Yunwa nake ji."

Ta kama hannunsa suka tsallaka titi.