Muryar NyaMsiska

…kashi sittin da ɗaya cikin ɗari, ya kafe a nan. Lusungu tana kallon allon kwamfuta, ko ƙiftawa ba ta son yi. Faifan ajiya na biyu ke nan da take bincikawa. Na ofis ta zazzage shi tas, babu. Wannan na gida ne, wanda take kawowa duk Juma'a ta kwafe shirye-shiryen gidan rediyon, ta jefa shi jaka tare da ƙullin busasshen kifi. Shekara uku! Ko gobara aka yi, in ji ta, muryoyin garin Mzuzu suna ƙarƙashin gadonta. Har da bugun ƙirji take faɗa.

Tsohon yana baranda. Baba Gondwe, kwat ɗin zuwa coci, hula a gwiwa. Jibi za a yaye ƙyallen dutsen kabarin matarsa, dangi sun taso tun daga Karonga, an sayi akuya… shi kuwa abu ɗaya yake so: waƙar da marigayiyar, NyaMsiska, ta rera a shirin mata, bara, kafin ciwo ya kwantar da ita. Minti huɗu. A sa a lasifika jikoki su ji.

"Minti goma, Baba." Da ƙarfe tara ta faɗi haka. Yanzu ƙamshin tuwon masara ne ke shigowa ta taga.

Ina waƙar ta shiga? Ajiya ai ba ta cin kaya — to amma wace ajiyar? Zaɓi biyu manhajar ta ba ta ran farko: ko ta riƙe tsoho da sabo, ko faifan ya zama daidai da kwamfutar, abin da ke nan shi ke can. Na farko cin wuri gare shi, faifan kuma ƙarami. Ta danna na biyu tana tauna rogo.

"Lusu, kwamfutar nan ta cika fam, ko numfashi ba ta yi." Manaja Mhango ke nan, watan Yuni.

"Ku goge na bara, ranka ya daɗe, ai akwai ajiya."

Bakinta. Ba na wani ba. Suka goge, Juma'a ta zo, ta jona faifan da hannunta — shi kuma bawan Allah ya ga an share a can, ya share a nan. Mako na gaba ɗan'uwansa na ofis ya bi sahu. Kwafa, kwafa, kwafa… sau nawa ta taɓa gwada dawo da ko fayil ɗaya? Kunya ce ke cin ta, ta fi tsoron ma.

Saura wannan dabarar: a tone faifan a nemo abin da aka goge, in sabo bai hau kansa ba. Wata biyar na sharhin ƙwallo da sanarwar rasuwa… ina zai bar wuri?

Tamanin. Ɗari. Sunaye suna zubowa — ga shi! Ta danna.

Tari. 'Yar dariya. Muryar tsohuwa, kusa da makirufo: "To, in fara?" Sai tallar takin zamani ta faɗo a kai, da kiɗanta. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Iyakar abin da ya rage ke nan.

Ba ta rufe ƙofar ba, ashe.

"Ita ce," in ji Baba Gondwe daga bakin ƙofa, fuskarsa a washe. "Ƙaro sauti, 'yata. Yanzu za ta fara."

Lusungu ta kai hannu kan maɓallin sautin… tana ƙarawa.